MUSUN WANE YA FI WANE: INA IYAKARSA A MUSULUNCI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci bayi, Ya rarraba musu baiwa iri-iri, Ya ɗaukaka sashensu a kan sashe domin Ya jarraba su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wani abu ne wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, har wani ya yi mamakin ganinsa a filin addini, watau musun da ake yi a majalisu kan wane ne gwanin gwanaye a fagen wasa. Duk wanda ya san zaman hira a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san wannan musu ba baƙo ba ne. Dattawa idan aka taɓo zancen dambe, sai ka ji ɗaya ya ce tun da aka fara ɗaure hannu ba a yi kamar Shago ba, wani kuma ya karɓe ya ce ai Ɗandunawa ma namiji ne, wani saurayi daga gefe ya ce waɗannan duk labari ne, 'yan damben yanzu sun fi su gwaninta. Samari kuwa nasu musun a gidajen kallon ƙwallo yake, a kan Messi da Ronaldo, kuma sun fi shekara 15 suna yinsa bai ƙare ba. Yara masu tasowa sun ƙara gaba, domin su musunsu a kan hotunan 'yan wasa ne na cikin PlayStation da wayar hannu, waɗanda kamfani ya ba kowannensu maki na gudu da na bugu. Har ma a Amurka akwai masu shirya gasar wasansu na besbol a intanet, inda 'yan wasan ƙirƙira ce, kwamfuta ce ke lissafa wanda ya ci da wanda aka cinye, amma duk da haka mutane masu hankali su zauna suna jayayya a kan wane ne ya fi kowa a cikinsu.

Wannan misali na ƙarshe abin lura ne ƙwarai, domin ya nuna cewa musun ba ya bukatar ɗan wasa mai jini da tsoka kafin ya yi zafi. Ashe ke nan wutar a cikin zuciyar mai musu take tun can. To, mene ne hukuncin wannan musu, kuma ina ne iyakarsa?

ASALIN ABIN HALAL NE

Da farko ya kamata a yi adalci. Musulunci bai hana wasa mai tsabta ba, bai kuma hana a ce wane ya fi wane a wata sana'a ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Ya shirya tseren dawaki a Madina daga wani wuri da ake kira Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya ba da labari. An kuma ruwaito cewa ya yi kokawa da Rukana, wanda aka sani da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, ya kayar da shi. A yaƙin Zu Ƙarad kuwa, shi da kansa ya bayyana cewa a wannan rana Abu Ƙatada ne ya fi kowa cikin mahayan dawaki, Salamatu ɗan Akwa'u kuma ya fi kowa cikin dakarun ƙasa. Saboda haka wanda ya ce duk yabon gwani laifi ne, ya tsananta inda shari'a ta sauƙaƙa.

Hukuncin shi kansa dambe, da abin da ke cikinsa na dukan fuska wanda hadisi ya hana, da layu da wasu 'yan dambe ke ɗaurawa, wannan magana ce mai zaman kanta, tana da ranarta. Abin da ake dubawa a yau shi ne halin masu musu, ba halin 'yan wasa ba.

TAMBAYA CE MAI GIƁI

Aibi na farko a cikin wannan musu shi ne tambayar kanta ba ta cika ba. Ɗaliban nahawu sun san cewa sunan fifitawa a harshen Larabci sau da yawa yakan zo ne da tamyizi a bayansa, watau kalmar da ke fayyace ta wace fuska aka yi fifikon. Hausa ma haka take: idan an ce Audu ya fi Tanko, mai sauraro zai jira ya ji, a tsawo ne, ko a dukiya, ko a karatu? Wanda ya ce wane ya fi kowa, ya yi shiru bai ce a me ba, bai faɗi maganar da za a iya gaskatawa ko a ƙaryata ba. Shi ya sa irin wannan musu ba ya ƙarewa, domin kowa da mudun da yake awo da shi, kuma ba wanda ya nuna wa ɗan'uwansa nasa mudun.

A ɗauki misalin ƙwallo. Mai goyon bayan Messi zai ce gwaninsa ya karɓi kyautar Ballon d'Or sau 8, ya kuma ɗauki kofin duniya a Ƙatar a 2022. Gaskiya ne. Mai goyon bayan Ronaldo zai ce nasa gwanin ya ɗauki kofin zakarun Turai sau 5, kuma ba wanda ya kai shi yawan cin ƙwallo a wannan gasa. Wannan ma gaskiya ne. Dattijo mai tuna zamanin rediyo zai ce Pele ya ɗauki kofin duniya sau 3, a 1958 da 1962 da 1970, ba kuwa ɗan wasan da ya maimaita haka. Shi ma bai yi ƙarya ba. Ga mutum uku, kowa ya faɗi gaskiya, amma ba su haɗu ba, saboda tambayoyi uku suke amsawa alhali suna zaton ɗaya ce.

Masana adabin Larabawa na da sun gane wannan tun tuni. Da aka daɗe ana jayayya kan wanda ya fi kowa iya waƙa a zamanin jahiliyya, sai suka raba gardama da cewa Imru'ul Ƙaisi ya fi idan ana zancen hawa da farauta, Nabigatu ya fi idan yana cikin tsoro yana neman afuwa, Zuhairu ya fi idan yana kwaɗayin kyauta yana yabo, A'asha kuma ya fi idan yana cikin nishaɗi. Kowa aka ba shi fagensa, aka huta.

Mafi girma daga wannan, haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar a sha'anin sahabbansa. Ya ambaci Abubakar da tausayin al'umma, Umar da tsanani a kan umurnin Allah, Usmanu da kunya, Ubayyu ɗan Ka'abu da karatun Alƙur'ani, Zaidu ɗan Sabitu da sanin rabon gado, Mu'azu ɗan Jabal da sanin halal da haram, Abu Ubaida kuma da amana. Abu Zarri, wanda aka yaba da gaskiyar harshe, shi ne kuma aka yi wa nasiha da kada ya karɓi shugabanci saboda yana da rauni a wannan fage. Wannan bai rage masa daraja ba. An dai ajiye kowa a inda baiwarsa take.

Akwai kuma bambancin zamani. Ɗan damben da ya yi tashe lokacin da ake bin garuruwa da kaka, ana shata fage a bayan gari bayan an kawar da amfanin gona, ba za a auna shi daidai da na yau ba, wanda ake ɗaukar kowane turmi nasa a waya, duniya ta gani. Sa'an nan dole a bambance shahara da fifiko. Shago ɗan ƙasar Zamfara ne, kuma ba mai musun jarumtarsa, amma da yawa daga masu rantsuwa a kansa a yau ba su taɓa ganin ya kai naushi ba. A bakin Ɗan Anace suka san shi. Maza nawa ne suka yi kisa a fage, amma ba su sami makaɗi irin Ɗan Anace ba, sunansu ya bi su kabari? Mai adalci zai ce Shago ya fi kowa suna a cikin waɗanda labarinsu ya iso, ya tsaya nan.

ME KE SA ABIN YIN ZAFI?

Da a ce neman gaskiya ne ke sa mutane wannan musu, da an gama shi cikin ɗan lokaci kaɗan, domin da an fayyace fage an fayyace zamani, sai kowa ya ga inda ɗan'uwansa ya dosa. Amma abin da ake gani shi ne jijiyar wuya ta tashi, murya ta ɗaga, ido ya yi ja, a kan mutumin da bai san da zaman masu musun a duniya ba. Dalili kuwa shi ne, mai musu ya riga ya ɗaura kansa a jikin gwaninsa. Idan aka ce gwaninsa ya gaza, abin da kunnensa ke ji shi ne shi ne bai iya zaɓe ba, shi ne bai san komai ba. Kansa yake karewa, sunan ɗan wasa garkuwa ce kawai. A damben gargajiya ma haka ne: mutum yakan goyi bayan Kudu, ko Arewa, ko Guramada tun kafin ya ga wanda zai fito fage.

Wannan cuta tsohuwa ce. Farkon wanda ya yi da'awar fifiko shi ne Iblis, sa'ad da ya ƙi yin sujada ga Annabi Adamu, yana kafa hujja da cewa asalinsa wuta ne, na Adamu kuwa yumɓu. Ya zaɓi mudun da ya yi masa daɗi, ya auna kansa, ya ba kansa nasara, ya halaka. Alƙur'ani mai girma a cikin Suratul Kahfi ya siffanta ɗan Adam da yawan jayayya fiye da kowane abu, kuma a cikin surar ya kawo labarin mai gonaki biyu wanda ya yi wa abokinsa alfahari da dukiya da yawan jama'a, har aka wayi gari gonakin sun zama kufai.

Wanda yake ganin musun wasa ba ya kai ga ɓarna, to ya tuna da yaƙin Dahis da Gabra'u. Tseren dawaki biyu ne aka shirya a jahiliyya tsakanin Ƙaisu ɗan Zuhairu na ƙabilar Absu da Huzaifa ɗan Badar na ƙabilar Zubyanu, aka sa raƙuma 100 a matsayin caca. Da aka ga Dahis zai wuce, sai wasu da aka ɓoye a hanya suka tare shi, Gabra'u ta shige. Kowane ɓangare ya ce dokinsa ne ya ci. Daga musu aka koma kisa, kuma masu tarihi sun ce an yi kusan shekara 40 ana zubar da jini, har sai da wasu dattawa biyu, Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, suka ɗauki nauyin diyya daga dukiyarsu kafin wutar ta mutu. Ƙabilun nan biyu kuwa 'yan'uwa ne, kakansu ɗaya.

Babbar hujja a wannan babi ita ce abin da ya faru a Madina, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Wani Musulmi da wani Bayahude sun yi cacar baki, Bayahuden ya rantse da wanda Ya zaɓi Annabi Musa a kan talikai, Musulmin ya fusata ya mare shi. Da ƙara ta zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yaba wa Musulmin ba, sai ma ya hana a riƙa fifita shi a kan Annabi Musa ta wannan hanya. Alhali kuwa Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa Allah Ya fifita sashen manzanni a kan sashe, kuma ba Musulmin da ke shakkar cewa Annabi Muhammadu shi ne shugaban 'ya'yan Adamu. Malamai sun daidaita tsakanin nassoshin biyu da cewa abin da aka hana shi ne fifitawar da ke kai ga tauye darajar wani ko ga husuma. To, idan an hana husuma a kan fifikon da yake gaskiya ne tabbatacciya, kuma a kan mafi darajar halitta, yaya husuma a kan mai buga ƙwallo a Turai, balle hoton da ke cikin na'ura?

UZURIN DA AKE KAWOWA

Wani zai ce ai wannan duk raha ce, kuma samarin da ke fama da rashin aiki da zaman ɗar-ɗar gara su yi musun ƙwallo da su faɗa shaye-shaye ko su bi miyagun abokai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Zuciya tana gajiya, tana bukatar hutu, kuma hira mai sa dariya tsakanin abokai tana ƙara danƙon zumunci. Ba a neman majalisa ta zama makabarta. Abin da ake nema shi ne mutum ya san alamomin da ke nuna raha ta tsallake iyaka.

Alama ta farko ita ce rantsuwa. Sunan Allah ya fi ƙarfin a riƙa jawo shi domin tabbatar da cewa wane ya fi wane iya yanka 'yan baya. Ta biyu ita ce zagi, wanda yakan fara daga ɗan wasa ya gangaro kan abokin musu, ya ƙare a kan iyayensa. Ta uku ita ce wasa da salla, domin wasannin Turai da yawa sukan faɗo ne a lokacin La'asar da Magariba da Lisha, ladan na kira, gidan kallo cike, kuma bayan an tashi a ɗora da musu har dare ya raba, Asuba ta kuɓuce. Ta huɗu ita ce caca, wadda yanzu ta shigo cikin wayar hannu, saurayi ya zuba kuɗin da ya sha wahalar nema domin ya nuna ya yarda da gwaninsa. Suratul Ma'ida ta bayyana cewa Shaiɗan yana amfani da giya da caca ne domin ya jefa ƙiyayya tsakanin mutane, ya kuma kange su daga ambaton Allah da salla. Ta biyar ita ce gaba, a kwana a tashi maƙwabci ba ya gai da maƙwabci. Duk musun da ya kuɓuta daga waɗannan biyar, ba laifi a cikinsa in Allah Ya so. Wanda ɗaya daga cikinsu ta shiga, ya tashi daga halal.

INDA HAƊARIN YAKE

Abin tsoro mafi girma shi ne, hali ba ya tsayawa a inda aka koye shi. Yaron da ya saba tun yana ƙarami cewa gwaninsa ba ya kuskure, gwanin wani kuma ba ya abin kirki, da wannan zuciyar zai girma ya shiga masallaci. Gobe shi ne zai ce malaminsa ya fi kowa ilmi, malamin wancan kuwa bai san komai ba, alhali bai karanta littafi ɗaya a gaban ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai wa'azi ya koma kamar gidan dambe, ana jiran a ji wa ya yi kisa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u kan cututtukan da jayayyar neman rinjaye ke haifarwa ko a tsakanin malamai, irin su hassada, da girman kai, da ƙullata, da bin diddigin laifin abokin magana, da ƙin gaskiya idan ta fito daga bakinsa. An kuma ruwaito daga Imam Shafi'i cewa bai taɓa muhawara da wani ba face yana fatan Allah Ya bayyana gaskiya, ko ta bakinsa ko ta bakin abokin muhawarar.

Haka kuma halin ke shiga siyasa. Allah Ya nufi kowane ɗaya daga garuruwan nan uku ya ga ɗansa a kujerar gwamnan Jihar Zamfara: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Auna aikin shugabanni haƙƙin talakawa ne, har ma wajibi ne a kansu, amma da sharaɗin a ce a me: a ilmi, ko a tsaro, ko a noma, ko a riƙon amanar dukiya. Idan kuwa aka auna su da mudun gidan kallo, watau namu ya fi naku domin namu ne, to an yi asarar hisabin, an kuma sayi gaba a banza. Mutanen garuruwan nan ruwa ɗaya suke sha, madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ita ke shayar da gonakinsu, suna cin kasuwannin juna, suna auratayya, kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukansu ba ta tambayi kowa gwaninsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MAGANI

Maganin abin yana da sauƙin faɗi. Wanda zai shiga irin wannan hira, ya fara da tambayar a me, kuma a wane zamani. Sa'an nan ya jarraba kansa: shin zai iya ambaton alheri uku na gwanin abokin musunsa ba tare da ya haɗa da amma ba? In ya iya, hira yake yi. In ya kasa, son zuciya ne ke jansa, sai ya yi shiru. Abu Dawuda ya ruwaito alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya. Iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya kuma su lura da wannan a wajen yara, su koya musu yabon abokin hamayya kamar yadda suke koya musu gaisuwa.

A ƙarshe, kowa ya tuna gaba da gabanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da wata taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai ran nan wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, amma Annabi ya sanar da su cewa sunnar Allah ce, babu abin duniya da zai ɗaukaka face an wayi gari ya sauko. Muhammad Ali, ɗan damben Amurka da ya bayyana musuluntarsa a 1964, ya cika duniya da kirarin cewa shi ne ya fi kowa. Da ciwon karkarwa ya kama shi, sai ya riƙa cewa Allah Ya jarrabe shi ne domin ya san ba shi ne na ɗaya ba, Allah ne. Ya rasu a 2016. Suratul Hujurati ta riga ta yanke hukunci cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa, wannan kuwa ma'auni ne wanda ba ya hannun kowa a majalisa. Hadisi ingantacce kuma ya bayyana cewa mai ƙarfi na gaskiya ba shi ne mai kayar da maza ba, shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Wannan fage a buɗe yake ga kowa, tsoho da yaro, kuma a nan ne ya kamata a yi rige-rige.

Allah Ya tsare harsunan Musulmi daga jayayyar banza, Ya haɗa zukatansu a kan gaskiya, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi baki ɗaya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.